Ƙafar da Ba Ta Yi Laifin Komai Ba

Idan mutum ya ba ka haƙuri bayan an tabbatar masa ba abin da zai rasa, ya ba ka wani abu kuwa? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ban yi karatu mai nisa ba, gyaran motocin noma na yi har na tsufa, amma na karanta abin da ya samu a ɗakin karatu na garinmu, kuma ban ga inda aka amsa ta ba.

Daga farce abin ya faro. Orval Kucera, abokin shan kofina a gidan abincin bakin titi, farcen babban yatsansa na ƙafar hagu ya nutse cikin nama. Ya je wurin Wendell Brandvold, likita ɗaya tilo a garinmu, na ukunmu a teburin kofi tun muna da gashi a ka. Orval ya tuɓe safa duka biyu ya kwanta yana kallon rufi, suka shiga gardamar kamun kifi. Wendell ya yi allurar kashe zafi, ya cire farce tsaf. Na ƙafar dama.

Orval bai nemi ko dala ɗaya ba. Washegari a teburi cewa ya yi, "Ka ce laifinka ne, magana ta mutu."

Wendell ya yi ta juya cokali a kofi. Kamfanin inshorarsa ya sha gargaɗinsa cewa likitan da ya amsa kuskure da bakinsa ya ba kotu shaida. Kuɗin inshorar kullum hawa yake, ƙara ɗaya ta isa ta rufe masa asibiti. Ga shi kuma Trent, mijin 'yar Orval, lauya ne, shi ne mai murmushin nan a allon talla na hanyar birni da ke tambayar matafiya ko an ji musu ciwo.

"Abu ne ya faru," in ji Wendell.

"Da kansa ya faru? Farcen ne ya gaji da ni ya yi gaba?"

"Kawo ta hagun in gyara maka."

"Ka taɓa ni? Ai kai, mahauci, sai dai ka cire min kunne."

Orval ya koma wani teburi. Ya gwada babban asibitin birni, suka ce sai an ɗebi jini, an ɗauki hoto, an jira ƙwararre, kuma farashin da suka faɗa ya fi na tsohuwar motarsa. Ya dawo gida ya yanke bakin takalminsa na hagu da wuƙa, ya riƙa jiƙa ƙafar a ruwan gishiri.

Shi kuwa Wendell tsoro ya shige shi. Na je da tari, ya tura ni hoton ƙirji da gwajin jini.

"Tari ne fa, Wendell."

"Na sani. Lauya ne bai sani ba."

Da sanyi ya shigo, majalisar jiharmu ta yi sabuwar doka don rage ƙararrakin da aka ce su ke tsadar da magani. A cikinta an ce likita na iya jajanta wa majinyaci ba tare da an kai maganar kotu ba. Amsa laifi kuwa yana nan yadda yake. Wendell ya zo da kwat da ɗaurin wuya, ya tsaya a kan Orval.

"Orval, na yi matuƙar baƙin cikin halin da ka shiga."

"Madalla. Wa ya sa ni a halin?"

"Dokar ba ta kai nan ba."

"To mayar musu da baƙin cikinsu, su suka ba ka aro."

A nan na kasa sanin mai gaskiya. Na ce wa Orval, abin da yake nema shi ne mutum ya jefa asibitinsa cikin haɗari don kawai shi Orval ya ji daɗi, kuma mu duka ne za mu rasa likita. Na ce wa Wendell, haƙurin da aka auna da ma'aunin lauya ba ya shiga kunne. Duka biyun suka daina miƙo min sukari.

Wata Lahadi bayan coci, Trent ya zo gari, suna cin fanke da surukinsa a gidan abincin, ni da Wendell muna teburinmu. Orval ya miƙe zai ƙaro kofi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya dafa kujera. Wendell ya hango yatsan ta yankakken takalmin. Ni ma na gani: ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, jan ya fara hawa bayan ƙafa.

"Tun yaushe ya koma haka?" in ji Wendell.

"Ina ruwanka."

"Za ka rasa ƙafar nan, tsohon banza."

"Tawa ce."

Wendell ya dubi Trent. Trent ya ajiye cokali, ya goge baki, ya gyara zama kamar wanda aka kira sunansa. Ban sani ba ko nadama ce ta ture Wendell, ko kuwa yatsan ne kawai. Ina jin shi ma bai sani ba.

"Laifina ne," ya ce. "Ina surutu ban duba ba, na cire maka lafiyayyen farce. Ba wanda ya sa ni. Ni na yi."

Orval ya juya wajen mijin 'yarsa.

"Ba ka ji komai ba."

"Baba, ai kowa a nan ya..."

"Kana tauna. Mai tauna ba ya ji. Ci fankenka."

Sannan ya zauna, ya kwance igiyar takalmin a hankali yana cije leɓe, ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya ɗora ta a kan cinyar Wendell, a kan wandonsa na coci.

"Wannan ce hagu," ya ce. "Tambayi kowa."