Hoto na Huɗu

Saura wata huɗu Auta ta gama ajin ƙarshe na sakandare takardar ta zo: wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbi, sai dai a mayar da fom da sa hannun uwa kafin Juma'a. Malamai sai murna, ƙawaye sai tsiya, wai har tafiyarta ta canza. Ita kuwa yayanta ta tuna. Haka Yaya ya tafi shekara bakwai da suka wuce, waya ta koma saƙo, saƙo ya koma shiru, kuma har yau Umma tana share ɗakinsa kowace safiya. In Auta ma ta tafi, Umma ta zauna da wa? Da keken ɗinki?

Fom na buƙatar hoto uku. Ranar Laraba da rana tsaka ta shiga shagon tsohon mai hoto da ke bayan makaranta, wanda ya ɗauki Yaya. Tsohon nan yana da wani hali: huɗu yake wankewa, ya ba ka uku, na huɗun ya soke shi a bango da allura. Bangon ya cika maƙil da ɗalibai, tun na zamanin baƙi da fari.

Tana jiran nata, ta matsa tana neman Yaya. Ta ƙura wa bangon ido. Rabin mutanen bangon ba gaba suke kallo ba. Wani ya ɗan karkata, wata kunnenta kawai ake gani. Yaya kuwa da tabon ƙeyarsa ta gane shi, tabon da ita ta yi masa da murfin tukunya tana ƙarama. Wa ya taɓa ɗaukar hoton fasfo ta ƙeya?

Tsohon ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce shi dai kowa ta fuska ya ɗauke shi, juyawar tasu ce, sannu a hankali, gwargwadon yadda gida ke fita musu a rai. Na yayanta shekara biyu ya yi ya gama juyawa.

Can ƙasa a kusurwa akwai wata yarinya cikin kayan makaranta, ta kafe ƙofar shagon da ido. Takardar hoton a jiƙe take, allurar ta yi tsatsa. Auta ta tambaya. Ya ce wannan ta ɗauki hoton ne ba ta tafi ba, kuma duk wata sai ya canza mata allura.

Da nata ya fito, idanun sun riga sun ɗan kauce gefe. Wallahi ita ta san kyamara ta kalla.

Ta isa gida. Umma na kan keke tana ɗinkin wuyan riga.

"Umma, na fasa. Ba inda za ni."

Umma ta tsayar da keken, ta ɗaga ƙyallen da ke gefenta. Fom ne a ƙarƙashi, ta riga ta sa hannu.

"Kin ga yarinyar kusurwa?" in ji ta. "Ni ce. Shekara talatin ina kallon ƙofa. Gara in ga ƙeyarki, Auta, da in ga idon nan a fuskarki."

Auta ta yi kuka har ta gode Allah, ta yi rantsuwa ita ba za ta juya ba. Umma ta ce to, ta ci gaba da ɗinkinta. Haka Yaya ma ya rantse, a gaban keken nan.

Ranar Juma'a ta miƙa fom a ofishin shugaban makaranta, ta biya ta shagon. Hotonta na can sama kusa da na Yaya, kumatu ɗaya ya fara ɓuya. Ta durƙusa a kusurwa ta taɓa na yarinyar. Takardar ta bushe ƙayau. Yarinyar ta bar kallon ƙofa, ta ɗaga kai sama, tana kallon hoton Auta tun da sauran fuska.