Barnabé, Masanin Ruwa

Thibault Marchais ne ya kashe mini uba, ko da yake bai taɓa shi da hannu ba. Babana ya ƙare rayuwarsa a ƙauyenmu da ke yankin Ardèche, a Faransa, yana rubuta littattafai kan kogin da ke ƙafewa. Shi kuwa Thibault, abokin karatunsa da ya koma Paris ya zama ɗan talabijin, hassada ta ci shi, ya watsa hoton wani tafkin wanka a intanet, wai na Baba ne, wai yana cika shi da ruwa ana tsakiyar fari. Mu da ko baho ba mu da shi. Amma ƙauye ya yarda. Aka shafa mana jan fenti a ƙofa, mai burodi ya daina amsa gaisuwarsa, kafin lokacin kaka zuciyar Baba ta tsaya.

Sai ga Thibault ɗin ya wallafa littafi, wai kan yadda ƙarya ke lalata duniya. Ka ji rashin kunya. Har aka gayyace shi muhawarar Lahadi da muke yi a shagon kofi, ƙauye duk ya hallara, wayoyi a sama.

Na san cutar irinsu. Masanin Paris gara ya mutu da ya ce bai karanta wani littafi ba.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu.

"Farfesa, ni ce Maëlle, 'yar Gaspard."

"Ayya, 'yata. Babanki ɗan'uwana ne, wallahi na yi kuka."

"Na gode. Ya kake ganin ra'ayin Barnabé, masanin nan na tsaunukanmu, da ya ƙi shan ruwan da bai ga tushensa ba?"

Ya gyara gyalen wuyansa, ya lumshe ido. "Barnabé. Tun ina ɗalibi nake karanta shi. Rubutunsa na farko ya fi ƙarfi, daga baya ya ɗan yi taurin kai."

"Taurin kai kam akwai," in ji ni. "Kun taɓa haɗuwa?"

"Sau ɗaya, a Lyon. Mun ci abinci tare."

"Hala ciyawa kuka ci? Ga shi can ɗaure a jikin bishiya, ka je ku gaisa."

Barnabé jakin Baba ne, kowa a ƙauyen ya san shi. Shagon ya kece da dariya, fuskar Thibault ta yi jawur, kafin ya kai tashar jirgin ƙasa bidiyon ya riga shi isa Paris. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har cikin ƙashina.

Mai burodi ya matso yana share hawayen dariya. "Kin gama da shi, Maëlle. Da ma ni ban taɓa yarda da zancen tafkin nan ba."

Na dube shi. Har yanzu akwai ɗigon jan fenti a takalmin aikinsa.

"Ci gaba da dariya, Firmin," na ce. "Da shi na fara ne kawai."