Fuskar Mama Rebeka a Layin Baya

Mama Rebeka ba ta iya karatu ba, amma ta san fuskarta, kuma abin da ke cikin wayar nan ba fuskarta ba ce.

Ta riƙe wayar a nesa, ta matso da ita bakin hanci, ta goge gilashin da gefen zani. Haka dai. Bidiyon waƙar zumuntar matan cocinsu ne na Jiddari Polo. Matasan matan da ke layin gaba tar da su, har kwallin ido ana gani. Layin baya kuwa, inda tsofaffi ke zama da tulunan kiɗa, sai launin zanen zumunta da wasu dunƙule-dunƙule a sama, wai su ne kawunansu.

Da don kanta ne da ta yi tsaki ta bar maganar. Amma akwai yayarta Phebe. Shekarar da aka watsa ƙauyensu, Rebeka ta gangaro Maiduguri, Phebe ta haura dutse ta faɗa Kamaru, kuma har yau tana can a sansanin 'yan gudun hijira. Ba su sake sa juna a ido ba. Bidiyon nan don ita Rebeka ta matsa aka yi shi, aka tura wayar wata maƙwabciyar Phebe. Amsar da ta dawo gajera ce, da muryar tsohuwa tana rawa: an ce ƙanwarta na ciki, ta duba ta sake dubawa ba ta gan ta ba. In ciwo ne ake ɓoye mata, ko abin da ya fi ciwo, a faɗa mata gaskiya.

Washegari da safe Mama Rebeka ta ɗaura ɗankwali ta tari keke zuwa Bolori, shagon Pindar. Ɗan ƙanenta ne, ita ta goye shi, kuma shi ya ɗauki bidiyon. Ta same shi da abokin sana'arsa Ba'ana, wani Babarbare mai sanyin magana, suna shan shayi.

"Wushe, Mama," in ji Ba'ana, ya miƙe ya ba ta kujera.

"Kai na amsa taka. Wannan kuwa ba gaisuwa ta kawo ni wurinsa ba." Ta dangwarar da wayar a tebur. "Pindar, nuna mini ni."

Pindar ya leƙa, ya sa yatsa a wani dunƙule. "Ga ki nan, Mama."

"Wannan Maman Yoila ce."

"To, ga ki a gefenta."

"Wannan tulu ne."

Ba'ana ya kau da kai yana tari a cikin kofinsa. Pindar ya fara bayani. Wai haka ake yayi yanzu, a fito da na gaba, bayan ya narke, kamar a fim. Wai cocin da duhu, dole ya buɗe idon kyamarar sosai, in an buɗe kuma layi ɗaya kawai take iya kamawa.

"Layi ɗaya. Sai ta zaɓi layin da matarka take." Peace, matar Pindar, ita ke ba da waƙa a gaba. "Matar da kake gani safe da yamma, har ka san inda take ajiye tsintsiya. Ni da na wanke maka kashi, ni ce zan narke."

"Bari in ɗauke ki hoto yanzu mu tura wa Mama Phebe."

"Hoto? Wanda ya mutu ma yana da hoto. So take ta ga hannuna yana dukan tulu."

A nan idonta ya faɗa kan abin da ke kusurwa. Wata ƙatuwar kyamara ce baƙa a kan ƙafa uku, da hannu a sama, da wani abu mai gashi kamar wutsiyar mage. Ta kalli ƙaramar da ke rataye a wuyan Pindar, ta sake kallon babbar.

"Ashe kana da ta mutane, ka zo mana da ta hoton fasfo."

Babbar ta Ba'ana ce, kyamarar sinima. Ƙaramar, wadda suke kira DSLR, ita Pindar ke yawo da ita bukukuwa. Sun daɗe suna ja a kan wannan. Ba'ana na cewa Pindar ya bar wasan yara ya koyi babbar: tana da fanka a ciki, zafin Maiduguri ba ya kashe ta a tsakiyar aiki, kuma tana kama sauti yadda ya kamata. Pindar na cewa tasa ba ta da nauyi, tana shiga cikin mutane ba a lura ba, kuma ba sai an ɗauko mutum biyu da keke guda ba.

Ba'ana ya so ya yi adalci. "Mama, gaskiya babbar ma in aka ce ta narkar da baya, za ta narkar. Hannun mai riƙewa ne."

"To kai ka riƙe. Ranar Alhamis muna da koyon waƙa. Da babbar za ku zo, shi kuma ya ɗauko kaya."

Ranar Alhamis aka fito da bencuna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, don Ba'ana ya ce in ana son kowane layi ya fito, haske ake bukata. Mama Rebeka ta riga kowa zuwa. Ta bi tsofaffin gida-gida tun jiya, ta ce kowa ta goge zaninta. Suka zauna a baya da tulunansu suna hira, Maman Yoila na ba da labarin akuyarta da ta cinye mata sabulu, ana ta ƙyaƙyatawa.

Sai keke ya tsaya. Aka sauke ƙafa uku, aka ɗora baƙar kyamarar, aka ɗaga sanda mai gashin nan sama.

Dariyar ta ɗauke. Ba wanda ya ce a yi shiru. Maman Yoila ta ja ɗankwalinta ya rufe goshi, ta haɗa hannuwa a cinya. Wata ta zare 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zani. Wata ta tura sabon takalminta ƙarƙashin benci da diddige.

Matasan layin gaba ba su ga komai ba. Peace ta ɗaga murya ta ba da waƙa, waƙar godiya ce mai sauri, wadda tuluna ke shiga da gudu. Tulunan suka shiga kamar masu rakiyar gawa. Aka tsaya, aka sake. Ba'ana ya juyo da kyamarar kan layin baya, ya matso kaɗan, ya ce, "Mama, ke ta gefe, ɗago kai." Maman Yoila ta ɗago, ta kalli idon kyamarar, ta ce a hankali, "Da asuba suka shigo mana. Ba mu fita da komai ba sai zanen jikinmu."

Pindar ya sauke sandar da yake riƙe da ita.

Duk wanda ke layin baya ya zauna a sansani kafin ya sami ɗaki a gari. A can, babbar kyamara mai wutsiyar mage ba ta taɓa zuwa don waƙa ba. Da farar mota take zuwa, da tafinta, ana tambayar wa ya mutu, wa ya ɓata, me aka ci jiya. Sun saba mata yadda ake sabawa da layin awo, kuma jiki bai manta ba.

"Me ya same ku?" Mama Rebeka ta juya tana harararsu. "Wa ya mutu? Ku buga mana."

"Mama, zo ki gani," in ji Ba'ana.

Ta tashi ta leƙa ɗan allon da ke jikin kyamarar. Ba ƙarya, aikin ya fito. Kowace fuska tar, har zanen tsagar kumatun Maman Yoila, har ganyen da ya faɗo a kan tulu. Ta nemi kanta ta samu. Wata tsohuwa ce a tsakiya, kafaɗu a zube, baki a karye, ido a ƙasa. Ita da take faɗa da mutane, ashe ita ta fi kowa yi.

Ta daɗe tana kallo. In Phebe ta ga wannan, ba za ta ce ƙanwarta ta mutu ba, amma za ta ce saura kaɗan. Za ta ƙi cin abinci, Rebeka ta san halinta tun suna yara.

"Goge," ta ce.

"Mama, ya yi kyau fa. Dubi hasken."

"Na ce goge. Wannan ba ni ba ce, wata ce mai jiran buhun masara."

Ta tsaya hannu a ƙugu tana duban kyamarorin biyu. Ba ta son ta ba Pindar gaskiya, don ba shi da ita. Ba ta kuma son Ba'ana ya koma da kayansa a banza, yaro mai ladabi.

"Kai Ba'ana, ka ce taka tana jin kiɗa da kyau?"

"Sosai, Mama."

"Sai ta gan mu take ji?"

"A'a."

"To juya mata baya. Ta kalli katanga, ta saurara. Wutsiyar nan ma a saukar da ita ƙasa, a bayan benci." Ta cire mayafinta ta yafa wa kyamarar da kanta. Sannan ta nuna Pindar. "Kai kuma ɗauko 'yar fasfo ɗinka. Ba can gaba za ka tsaya ba. Nan, a ƙasa, a gabanmu, inda kake zama kana yaro kana cin ƙosai ranar da muke koyon waƙa. Ga rana nan, ba ka da hujjar duhu. In mutum ɗaya ya narke, kai ma sai ka narke."

Pindar ya naɗe ƙafar wando ya zauna a ƙasa, ƙato da shi, da gemu. Ya murɗa wani abu a jikin kyamarar, ya leƙa, ya sake murɗawa.

"Ku dube shi," in ji Maman Yoila. "Wannan ba shi ne ya taɓa maƙale kai a tuluna ba?"

"Shi ne. Da man gyaɗa muka zare shi," in ji Mama Rebeka.

"Mama, don Allah," in ji Pindar, Peace kuwa ta riƙe ciki a layin gaba.

Kafin dariyar ta lafa Mama Rebeka ta daki tulunta, sauran suka bi. Wadda ta ɓoye 'yan kunne ta kwance su tana waƙa. Ƙurar da ƙafafu suka tayar ta sa Ba'ana rungume kyamararsa ta cikin mayafi. A baiti na ƙarshe ƙaramar ta yi zafi ta mutu, kamar yadda Ba'ana ya sha faɗa, sai da aka yi mata fifita da murfin roba aka sake baitin. Ba wanda ya yi ƙorafi, don dama ba su gaji ba.

Su biyun suka haɗa aikin a shago, hoton na Pindar, sautin na Ba'ana, kowa yana cewa nasa ne ya ceci na ɗan'uwansa. Aka tura Kamaru.

Amsar ta zo ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Peace ta kunna wa Mama Rebeka a ƙofar coci, tsofaffin suka kewaye. Da farko ba a jin komai sai hayaniyar mata da kiɗan tulu yana fita daga wata wayar. Sai muryar Phebe, ba rawa a cikinta ko kaɗan.

"Rebeka, na gan ki. Na nuna wa kowa. Kin yi ƙiba kamar matar ɗan kasuwa. Har yanzu kina riga mutane shiga baiti na biyu, ba ki gyaru ba. Kuma ina haƙorinki na gaba? Wa kika yi faɗa da shi?"

Mama Rebeka ta kai harshe wurin giɓin. Ta sa a sake kunnawa, ta saurara har ƙarshe da kai a sunkuye, ta share hanci da bayan hannu.

"Danna mini wurin magana," ta ce wa Peace. Ta gyara tsayuwa, ta kawo wayar bakinta. "Phebe, rake ne. Kuma baiti na biyu ku ne kuke makara tun muna gida. Yanzu saura ke. Ki nemi mai waya ya ɗauke ki kina tafiya, daga ƙofa zuwa rijiya, in ga ƙafar nan da kike ce mini ta warke."