Makin da Sirajo Bai Gani Ba

Duk Kurfi babu mai ce maka Sirajuddeen ba shi da kai. Malamin lissafi ne a wata sakandare, irin mutanen nan da idan hira ta yi sanyi sai su jawo takardar tsire su hau warware lissafi a bayanta. Aibinsa guda ne: maganar na gaba da shi ta fi masa abin da idonsa ya gani.

Bana ya ji labarin tallafin karatu zuwa ƙasar waje, digiri na biyu a fannin noman rani. Sharuɗɗa biyu ne suka tsaya masa a wuya. Kada mai nema ya haura shekara talatin, kuma ya tura makin wata jarrabawa ta kwamfuta kafin ƙarshen watan biyar. Sirajo talatin ɗin gare shi cif. Idan ta bana ta wuce shi, to ta wuce shi har abada.

Sai ya nufi Dutsin-Ma wurin Mutawakkil, ɗan wan mahaifinsa, mai shagon kwamfutoci da sola da wani ɗan ɗaki a baya inda ake zama jarrabawar, kyamara na kallon mutum daga can wata duniya. Sau uku Mutawakkil ya zauna ta, sau uku bai kai ba. Hakan bai hana shi zama gwaninta ba, don a garin wanda ya fi kowa faɗuwa shi ake kira ya yi bayani.

Kowace Asabar Sirajo ya hau babur ya zo. A Asabar ta shida ya yi gwajin share fage, makin ya fito mai kyau ƙwarai. Mutawakkil ya daɗe yana kallon allon. Dama makon da ya wuce, a wurin wani suna a Rawayau, wani kawunsu ya ce a gaban jama'a Sirajo ne zai ɗauko abin da ya gagari yayansa, aka yi dariya, har da Mutawakkil ɗin.

"Zauna in gaya maka abin da ba ya cikin littafi," in ji Mutawakkil. "Injin nan wayo gare shi. Lissafin kashi biyu ne. In ka yi ƙoƙari a na farko, sai ya sassauta maka a na biyu, ya riga ya gane ka iya. In ko ka ji na biyu ya yi tsauri, ka zube ke nan, laluben ka yake."

"To in hakan ta faru, Yaya, mi zan yi?"

"In ka gama zai tambaye ka, kafin ya nuna maka makin: a tura ko a soke. Ka soke. Mummunan maki in ya shiga, shekara biyar yana manne da sunanka. Bayan mako ɗaya sai ka sake zama, da sauran lokaci."

Sirajo ya rubuta a littafinsa, har da ja masa layi biyu. Minti biyar a wayarsa sun isa ya bincika. Amma shi a wurinsa bin diddigin maganar yayanka rashin kunya ne.

Ranar jarrabawa, saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar maki, ya shiga ɗakin da hantsi, ya nuna wa kyamara bango huɗu da ƙarƙashin tebur, ya yi bisimilla. Kashin farko ya tafi sumul, har da rarar lokaci. Da na biyu ya buɗe, sai labari ya sha bamban. Tambayoyi ne masu ƙaho, kowace ta fi 'yar'uwarta. Ya yi ta fama da su yana zufa, yana samun amsa amma bai yarda da ita ba, tunda an riga an gaya masa ma'anar wannan tsaurin. Da tambayar ƙarshe ta fito, a tura ko a soke, sai da ya ɗan dakata, don a ransa yana jin ya amsa su daidai. Sai ya tuna layi biyun nan, ya danna sokewa.

Mutawakkil na zaune a bakin shago yana ɓare gyaɗa.

"Yaya na biyun?"

"Dutse, Yaya."

"Ka soke?"

"Na soke."

"Ka yi hankali." Ya miƙa masa gyaɗar.

Da suka zo sake rajista, kwamfuta ta ce sai bayan mako uku. Mutawakkil ya yi tsaki ya ce lallai sun canja doka. Aka rufe karɓa. Sirajo ya koma ajinsa a Kurfi, ya yi baƙin ciki har ya rame, amma yana rarrashin kansa da cewa ko ba komai sunansa bai ɓaci ba, kuma Yaya ne ya tsare masa wannan.

Bayan wata uku ya bi ta madatsar ruwa ta Zobe ya sayi manyan tarwaɗa biyu don ya kai godiya. Ya tarar shagon cike da sababbin ɗalibai, sai ya tsaya a bakin ƙofa kada ya katse darasi.

"Ku riƙe wannan," Mutawakkil ke cewa. "In kashi na biyu ya yi tsauri, ku gode wa Allah. Injin ba ya fito da tambayoyi masu wuya sai ga wanda ya cinye na farko. A nan manyan maki suke. Ni sau uku na zauna, ko sau ɗaya bai ga na isa ya tsananta mini ba."

Ledar kifin ta yi wa Sirajo nauyi a hannu. Mutawakkil ya hango shi, ko gezau bai yi ba.

"Shigo, Sirajo. Ga ma misali ya kawo kansa. Ƙanena ne wannan. Na biyunsa ya zo masa dutse, wato yana kan hanyar makin da ba a taɓa gani ba a shagon nan. Ku tambaye shi mi ya yi. Sokewa ya yi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

"Yaya, ai kai ka ce..."

"Ni na danna maka?"

Wata ɗaliba mai suna Rahamatu, da alama tausayi ya kama ta, ta ɗaga hannu. "Malam, in mutum ya soke, ba a iya dawo masa da shi?"

"Ana iyawa, in bai wuce kwana sittin ba." Mutawakkil ya karɓi ledar ya leƙa ciki. "Sirajo, naka yau kwana nawa?"

Sirajo bai so ya ƙirga ba, amma kansa ya riga ya ƙirga, kuma babba ya yi masa tambaya.

"Casa'in da huɗu, Yaya."