Manyan Ƙwan Salwa

A shekarar fari, Uwani ta Tsaskiya ta hana 'ya'yanta cin manyan ƙwan salwar da mijinta ya tsinto a daji. Ta ɓoye su cikin tukunya, tana jiran kazarta ta fara kwanci.

"Sun daɗe a ajiye, 'yar nan, dafa wa yara," in ji surukarta.

Uwani ta yi kunnen uwar shegu, ta sa wa kaza.

Ran da kazar ta tashi daga kwanci, Uwani ta durƙusa, tana girgiza ƙwan a kunnenta ɗaya bayan ɗaya. Duk sun zama baragurbi.

Autarta ta ja mata zani. "Inna, yanzu za a dafa mana?"