Maganin Mahaucin Boukoki

Shekarar da Zalika ta fara karatun haɗa magunguna a jami'ar Yamai, ciwon ciki ya kama mahaifinta Mutari, mahauci a unguwar Boukoki. Likita ya rubuta masa magani mai ɗan kwanso, wanda ake ce wa jelil. Yana sha, yana samun sauƙi.

Wata rana suna cin tuwo a tsakar gida, ɗokin sabon ilimi ya ɗebi Zalika.

"Baba, ka san da ƙashi da fatar dabba ake yin kwanson nan? Wani na saniya, wani ma na alade."

Mutari ya cire hannu daga kwano.

"Nawa na mene ne?"

"Ba su rubuta ba."

"To ko na saniya ne, wa ya yanka ta?"

Mutari ya kai maganar masallaci. Limamin unguwa ya ce masa lalura ce, ya sha. Ya yi godiya, amma bai sake shan maganin ba. Mutumin da bai taɓa ɗora wuƙa a wuyan dabba ba tare da bisimilla ba ne.

Innarta Maryam ta ce a buɗe kwanson a zazzage garin maganin cikin kunu. Zalika ta hana, don an koya musu ba kowane jelil ake buɗewa ba. Ciwo kuwa ya dawo, har ya daina fita kasuwa.

Ranar Asabar ta ɗauke shi a bayan babur ɗin ƙawarta, suka bi farmasi, wato kantin magani, ɗaya bayan ɗaya. Yana riƙe da kafaɗunta, yana nuna mata inda ya fara tallan nama da ya zo daga Tahoua, lokacin duk wajen fili ne. Bai taɓa yi mata hira mai tsawo haka ba. A unguwar Gaweye wata mai farmasi ta kira likitan a waya, aka canza masa zuwa farar ƙwaya marar kwanso.

Da suka fito ya ce, "Tsaya bakin gada, ƴata." Ya sayi soyayyen kifi wurin wata mata, suka ci suna kallon jiragen masunta a kan kogi.

Ya warke, ya koma kan teburinsa har tsufa ya zaunar da shi. Bara ya rasu. Zalika na da farmasinta yanzu, da mota mai sanyi. Ƙawar ta daɗe da sayar da babur ɗin, mai kifin ma ta tashi daga wurin.