Gejin Motar Baba

Motar ta girmi kowa a layin in ban da su biyu. Ta mahaifinsu ce, baƙa mai dogon hanci, kuma tun rasuwarsa suke tayar da ita guntu-guntu. Yaya ne mai walda da yankan ƙarfe, ƙanensa kuwa mai wayarin. Ƙanen ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma har gobe in Yaya ya ce "kai, miƙo," jiki na rawa yake miƙawa.

Abu ɗaya ya rage, gejin mai. Allurar ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. Da safen nan Mai Wayarin ya juye jarka biyu na fetur a tanki don ya gwada ta, ko gezau. Ya bi waya, lafiya lau. Ciwon yana cikin tanki ke nan, wurin ɗan ƙwallon da ke yawo a saman mai yana gaya wa allura inda aka kwana. Ya buɗe but ɗin bayan motar, ya ɗaga shimfiɗa, ya tarar da murfin da ke riƙe da ƙwallon. Noti shida ne, biyar suka fito, na shida tsatsa ta kama shi gam. Ya zuba masa baƙin mai ya bar shi ya jiƙa, ya tafi ƙuryar gareji neman sabon ƙwallo.

Bai ga shigowar Yaya ba. Shi kuwa Yaya da ya leƙa but ya ga noti na taurin kai, sai ya murza makulli, ya ga allura a ƙasa, ya ce tanki babu ko ɗigo. Ka ji mutum! Abin da ake gyarawa saboda ƙarya, wurinsa ya je neman gaskiya. Warin fetur kuwa, hancinsa ya daɗe da daina jin sa.

Kukan giranda, injin yankan ƙarfe, ne ya juyo da Mai Wayarin. Ya hango Yaya ya sunkuya cikin but, faifan yana juyawa, saura kaɗan ya taɓa ƙarfe. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da motar da mutumin.

"Yaya! Akwai mai! Yaya!"

Ina! Shekara talatin na yankan ƙarfe sun gama da kunnuwan nan. Mai Wayarin ya kwasa da gudu, babbar sifana a hannunsa, ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke a wuyan hannun yayansa. Ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen kara. Giranda ta faɗi ƙasa, ta yi tsalle ta yanki taya, sannan ta mutu.

Yaya bai tsaya tambaya ba. Ya juyo ya sa masa kai a hanci, ya bi shi da naushin hagu a baki. Mai Wayarin ya faɗa kan akwatin kayan aiki, notuna suka watse. Yaya ya danne masa ƙirji da gwiwa yana ta jibga, hannun dama yana reto kamar tsumma.

"Ni za ka karya? Ni? Don ubanka!"

Ubansu ɗaya, amma ba lokacin tuni ba ne. Sai da mai faci na maƙwabta ya shigo ya rungumo Yaya ta baya sannan ƙanen ya samu numfashi. Ya tofar da haƙori, ya rarrafa ya ɗauki wani dogon tsinken ƙarfe, ya zura a bakin tanki ya zaro. Ya fito jiƙe sharkaf, fetur yana ɗiga a siminti.

Mai faci ya saki Yaya, ya ja baya yana salati. Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya tallafe karyayyen hannun, ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Ka cece ni, na gani," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma kai fa mai wayarin ne."

Ya nuna ƙasa da haɓa. Wayar giranda ce miƙe a tsakiyar gareji, da soket ɗin da aka jona ta, daidai hanyar da ƙanen ya biyo.

"Sai da ka tsallake ta kafin ka iso ni. Fizgewa kawai za ka yi."

Mai Wayarin ya duba. Haka ne, har ga sawun takalminsa a gefen soket ɗin. Kunya ta rufe shi, wadda ta fi ciwon bakin zafi.

"Ka daɗe kana so ka yi min haka, ko?" in ji Yaya.

Mai Wayarin ya buɗe baki zai rantse, ya kasa. Ya tuna sarai, lokacin da ƙashin ya karye ya ji daɗi.